Shekarar da Aka Feɗe Gamji

Zafin bana ya isa. A gidan ɗana da ke Tarauni nake zaune yanzu, gidan da aka shafe tsakarsa da siminti tun daga bakin ƙofa har bayan ɗaki, ko ciyawa ba a bar wa wurin tsirowa ba. Da hantsi ya ɗaga sai ƙasa ta fara mayar wa mutum da zafin da ta sha, ga shi ba wuta, fanka na rataye a sama kamar don ado aka saye ta. Ranar nan ina kishingiɗe a baranda ina fifita, sai ga motar masu maganin gargajiya ta tsaya a bakin layi da lasifikarta. Kun dai san su. Mutum da gemunsa ya riƙa zayyano abin da ko a ɗaki ba a faɗa, yara na tsaye suna ji. Ina shirin toshe kunne sai na ji ya ce yana da sassaƙen gamji, sahihi, na gabas da yamma. Wallahi sai da na tashi zaune na tofar da yawu. Jikata ta zaci zafi ne ya buge ni, ta ruga ta kawo ruwa. Ba zafi ba ne. Wata bazara ce ta dawo mini, wadda na yi a Gyadi-Gyadi ina ƙuruciyar aure, da goyon fari a bayana.

Gyadi-Gyadin wancan lokaci ba wannan ba ce da adaidaita sahu ke cushewa a cikinta har mutum ya rasa inda zai sa ƙafa. Gidaje ne jefi-jefi, na ƙasa da na bulo, gonaki a tsakani. In ka tsaya a bayan gidanmu kana hango masu ɗauke da itace suna fitowa daga wajen Hotoro. Gidan namu na gado ne, na maigidana, wanda nake kira Malam, da yayansa Alhaji Babba. Alhaji shi ya riƙe Malam bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya yi masa aure. Yana da motocin haya a tasha, ya yi nasa ginin a Babban Giji ya bar mana tsohon gida. A ƙofar gidan nan gamjin yake. Gindinsa a waje, jikin danga, rassansa kuwa sun rufe mana fiye da rabin tsakar gida. Maza uku ba sa haɗa hannu su zagaye shi.

Malam ba shi da sana'ar da ta wuce gamjin nan da 'yar gonarsa. Danƙo yake yi, abin da ya gada. Da sassafe zai hau da wuƙa ya tsattsaga jikin rassa, ya ɗaura gwangwanaye, farin ruwa mai kama da madara ya riƙa ɗiga. Kafin rana ta yi zafi ya sauke ya miƙo mini. Dafawa aikina ce. In zuba a tafasasshen ruwa in yi ta juyawa har ya haɗe ya yi ja, in tsamo shi da zafinsa in cuccura. Ban taɓa son aikin nan ba, ba zan yi ƙarya ba. Yana da wani irin ƙarni mai kama maƙogwaro, ya manne a farce, ya manne a zani, in ka sosa kai kuwa ka shiga uku, sai almakashi. Amma shi ke ciyar da mu. Malam ya kai kasuwar Kurmi a saya, masu taunawa su tauna, masu kamun tsuntsu su shafa a kara. A unguwa kuma duk wadda tulunta ya tsage ko jarkarta ta huje, wurina take aikowa in liƙe mata. Ya ce a zamanin mahaifinsu har kanti ake kai shi a auna a sikeli a fita da shi ƙasashen waje, amma wannan kafin a kawo ni ne. Ganyen kuma masu daddawa su ɗiba su yi ƙunshi, awakinmu su ci sauran.

Daminar da ta gabaci wannan bazara ba ta yi ba. Ruwa ya ɗauke gero yana tsaka da fitar da kai, ya tsaya nan tsaye ya bushe. Abin da Malam ya kawo gida bai kai mu tsakiyar rani ba. Hatsi ya yi tsada a kasuwa, sabulu ma sai an bi layi. Rijiyarmu ta koma kwata, in ka jefa guga sai ya fito da baƙin ruwa mai wari, sai an bar shi ya kwana ya kwanta. Daga tuwo sau biyu muka koma sau ɗaya, daga tuwon gero muka koma na garin rogo, daga nan aka fara sirka shi da dusa. Ina shayarwa, nono ya janye, yaron ya kama ya ja ya saki ya tsala ihu.

A nan ne muka koma cin 'ya'yan gamji. Da can abin yara ne da jemagu, babba ba ya kallonsu. Shekarar nan kuwa tun kafin gari ya waye nake fita da tsintsiya da faifai, don in ka makara matan maƙwabta sun riga ka. Jemagu sun kwana suna ci suna kashi, saboda haka abin da za ka tsinta a cakuɗe yake da kashinsu, baƙi, mai yauƙi, mai hamami. In wanke da ɗan ruwan da ba shi da yawa, in zauna in riƙa ɓarewa. Kowane ɗaya ka ɓare sai ka ga ƙananan ƙwari suna motsi a ciki, wani har da farar tsutsa. Da farko ina hurewa, ina zaɓe, ina zubar da rabi. Daga baya na daina dubawa. In shanya su a rana su bushe da abin da ke cikinsu, in daka da dusa da ɗan barkono, in dama. Yana da ɗan zaƙi-zaƙi da yashi-yashi a haƙori. Sau nawa na kai loma baki na tashi da gudu bayan ɗaki, na dawo na zauna na ƙarasa, don in ban ci ba yaron ba zai samu ba. Har yau in na ga ɓaure a faranti sai na kau da kai.

Duk da haka gidanmu ya fi na kowa sauƙi, saboda inuwa. Da rana ta take, kwanon rufi ya riƙa ƙara don zafi, ƙadangare ma ya buɗe baki yana haki, matan layinmu sai su kwaso tabarmi su shigo tsakar gidanmu. A nan ake tsefe kai, a nan ake surfe in da abin surfawa, a nan yara ke barci a jere. Maza kuma a waje, a gindin. Cikin masu shigowa har da Maman Talatu, maƙwabciyarmu ta jikin danga, Kirista ce daga kudancin Kaduna, mijinta malamin makaranta, ita kuma tana aikin jinya a asibiti. In ta taso aiki sai ta zube a tabarmata ta ce, “Maman yaro, bar ni in sha iskar gidanku, namu ya zama tanda.” Takan zo mini da ɗan garin masara a ƙulle a gefen zani, ta ajiye a bayan randa.

Ana cikin haka sanƙarau ya shigo. Yaro ya kwanta da zazzaɓi da safe, kafin la'asar wuya ya sandare, ido ya kafe, ya riƙa fizge-fizge. Aka fara fita da gawa daga wannan gida, gobe daga wancan. Ban san bakin da ya fara faɗa ba, amma cikin 'yan kwanaki magana ta zagaye unguwa har ta tsallaka titi: sassaƙen gamji maganin abin ne, a dafa a sha a yi wanka. Da ma an san ana ɗibarsa don ciwon fizga da zazzaɓi, kuma Malam bai taɓa hana kowa ba. Sai dai abin yana da ƙa'ida, kuma kowa ya san ta. Ana ɗibar kaɗan ne daga gabas, kaɗan daga yamma, a shafe wurin da laka don ya warke. Sannan mai ɗiba ba ya magana. Tun daga fitowarsa gida har ya koma ba ya gaida kowa, ba ya amsa gaisuwa, in ya buɗe baki wai maganin ya karye.

Wayyo, wannan rashin magana. Da asuba sai ka ji sara, kaf, kaf, kaf. Malam ya fito ya tarar da mutane a layi, kowa da gizago ko gatari. Laka kuwa ba mai waiwayarta, ina ma ruwan kwaɓa ta. Cikin ɗan lokaci gabas ta yi fari fat, yamma ma haka, tun daga ƙasa har inda hannun dogon mutum ke kaiwa. To ɓawo ya ƙare a gabas, amma ƙa'ida ta ce gabas. Sai mai zuwa ya tsaya ya kalli inda rana ke fitowa, ya ɗan karkata jiki, ya sari gefen inda na jiya ya tsaya. Na gobe shi ma ya ɗan ƙara karkatawa. Kowa a ransa gabas ya sara. Malam ya riƙa bin su yana roƙo.

“Malam Audu, don girman Allah, nan ba gabas ba ce. In kuka zagaye shi mutuwa zai yi. Ku hau sama ku ɗiba a reshe, duk ɗaya ne.”

Malam Audu, mutumin da suke sahu ɗaya a masallaci, sai ya dube shi kamar saniya, ya nuna bakinsa da yatsa, ya ci gaba da sara. Ka yi wa mutum magana ya ƙi amsawa, kuma ya fi ka gaskiya a idon jama'a, don kai ne kake neman karya masa magani. Malam ya shigo gida ya jefar da hula ya ce da ni, “Ni dai tun da nake ban taɓa sanin gabas tana tafiya ba sai bana. Jiya tana wajen gidan liman, yau ta kai bakin rijiya.” Na yi dariya, shi bai yi ba.

Ba dukansu nake jin haushi ba, Allah ya sani. Akwai wata mata da ta zo da hantsi, ba mayafin kirki, da 'yarta a kafaɗa ta sandare kamar itace. Ba ta da ko wuƙa, da farce take ƙoƙarin ɓanɓara, hawaye na zuba, ta kuma datse baki ta ƙi kuka don kada maganin ya karye. Malam da kansa ya hau ya yanko mata daga reshe. Maman Talatu ta fito ta gan su, ta ɗora hannu a ka.

“Baiwar Allah, wannan ba na sassaƙe ba ne! Allura take so, yanzu-yanzu. Taso mu je, ni zan shigar da ke.”

Matar ta girgiza kai, ta nuna baki. Maman Talatu ta ce, “To kar ki yi magana, ba na son maganarki, ƙafarki nake so.” Ta fizge yarinyar ta saɓa a kafaɗa ta nufi titi, uwar ta bi ta a guje da sassaƙen a hannu. Yarinyar nan ta rayu, ko da yake kunne ɗaya ya tafi. Da aka sallamo su sai labari ya bazu cewa gamjin ƙofar gidan Malam ya tashi yarinyar da ta riga ta sandare. Maman Talatu ta yi ta faɗa har muryarta ta dushe, ba wanda ya saurare ta. Washegari layin ya ninka.

Waɗanda suka fi ba ni ƙyama su ne masu buhu. Ba su da mara lafiya, ba su ma san unguwar ba. Su zo a keke, su ma wai ba sa magana, su feɗe abin da za su feɗe su kai bakin kasuwa su kasa. Jikin gamjin ya koma abin da ba ka son kallo. Farin ruwan nan ya riƙa tsiyaya daga raunukan yana bin gindi, ya yi ja, ya yi baƙi, ƙura da ƙudaje da matattun tururuwa suka manne a ciki. Da rana ta buga sai wani tsami-tsami ya tashi, ya cika mana tsakar gida, ya shiga abinci. Malam ya daina tsaga rassa gaba ɗaya, ya ce ba zai ƙara wa mai ciwo ciwo ba. Ke nan danƙo ya tsaya, abin kai wa Kurmi ya tsaya. Kullum da yamma ya je bakin rijiya ya kwaso kwatar nan mai wari, ya haɗa da kashin shanu, ya bi raunukan yana shafewa da hannu. Da safe a kankare lakar a sara.

Gabas da yamma suka haɗu ta kudu, wani mai buhu ne ya haɗa su. Abin da ya rage shi ne wani ɗan siririn ɓawo ta arewa, jikin dangarmu, faɗinsa bai fi tafin hannu ba, ya tashi daga ƙasa ya haɗe da na sama. Malam ya kira ni ya nuna mini ta ƙofar danga. Ya ce, “Kin ga wannan? Ta nan kaɗai yake ci yake sha. Ran da aka cire shi, shi ke nan.” Ya je bayan gari ya saro ƙaya ya jibge a wurin, ya ɗaure da waya. Ya daina zuwa ko'ina. Azumi ya kama a cikin wannan zafi, yana zaune a gindin da bakinsa a bushe, leɓe ya tsage, da sanda a gefe. Mutumin da ko akuya ba ya iya duka. Mutane suka fara cewa ya yi rowar magani, wasu suka daina gaishe shi. Matan da ke shan inuwa a tsakar gidana, waɗanda mazansu ne suka yi saran, suna zaune a tabarmata suna yi mini habaici.

Sai Allah ya kawo ruwa. Wata la'asar gabas ta yi baƙi, iska ta taso ta kwashe shanya, aka fara yayyafi mai manyan ɗigo, sannan aka kece. Ƙanshin ƙasa ya tashi, muka fito da kwanuka da tukwane muna tara, yara suna tsalle tsirara. Da ma sanƙarau ba ya jure ruwa, cikin ɗan lokaci aka daina jin labarinsa. Masu gizago suka ɗauke ƙafa, kowa ya koma gona. Gamjin ya wanku, ya fitar da sabon toho jajaye masu sheƙi, gefen ɓawon nan na arewa ya fara kumbura yana neman rufe rauni. Malam ya riƙa kai hannu yana shafawa. Ranar na ga haƙoransa, ya ce da ni, “Zai yi. In aka bar shi shekara biyu zai haɗe.” Yunwa ba ta tafi ba, don sabon hatsi da sauran tafiya, amma tafasa da rama sun fito, muna kwaɗo. Na ɗauka mun tsallake.

Wata safiya bayan ƙaramar salla, ina shara a jikin danga, Malam bai dawo daga masallaci ba, sai na ji tsayuwar mota, na kuma ji ana jan ƙaya. Na leƙa ta tsakanin zana. Alhaji Babba ne, da farar riga 'yar ciki, ya naɗe hannun rigar, yana riƙe da sabon gizago. Ashe ana neman wanda zai shugabanci tasharsu, shi ma yana so, wani mai duba ya ce masa ya yi wankan kwarjini da sassaƙen gindin gamji, na gidan ubansa, kuma ya saro da hannunsa. Wannan daga baya muka ji. A lokacin ni dai na ga yayan mijina yana kwance waya. Tsakanina da shi akwai kunya, ko ido ba na haɗawa da shi, in ya shigo gida ɗaki nake shigewa. Na tsaya da tsintsiya a hannu. Sai ga Malam ya karyo kwana, ya gani, ya sheƙo a guje har takalmi ɗaya ya fita.

“Yaya! Yaya, lafiya? Wa ba shi da lafiya?”

Alhaji ya nuna bakinsa.

“Yaya, don Allah, don darajar iyayenmu. Wannan kaɗai ya rage. Bari in hau in yanko maka na reshe, ko buhu kake so. Ko saiwa in tono maka.”

Alhaji ya girgiza kai, ya nuna gindin.

“To ai nan arewa ce, Yaya. Ko a ƙa'idar ma ba a ɗiba a nan.”

Ya ɗaga kafaɗa. Malam, da ya yi wata da watanni da sanda yana korar ƙarti, ya dubi sandar nan a jingine bai taɓa ta ba. Ta yaya zai ɗaga wa wanda ya riƙe shi hannu? Sai ya durƙusa a cikin taɓo, gwiwa biyu, ya kama gefen wandon yayansa. Alhaji ya sa hannu ya ɗan ture shi gefe, a hankali, kamar yadda ake kau da yaro daga bakin murhu. Bai ma yi wahala ba. Ya sara sama, ya sara ƙasa, ya sa bakin gizago ya ɓanɓaro, ɓawon ya taso gaba ɗaya da wata 'yar ƙara. Ya naɗe shi a jarida, ya duba rigarsa ko ruwan ya ɗiga masa, ya shiga mota.

Da yamma direbansa ya kawo mana shinkafa a ƙaramin buhu da kwalbar man gyaɗa, wai in ji Alhaji a yi wa yaro abinci. Malam ya dubi kayan ya shige ɗaki. Na so in ce a mayar, na buɗe baki ma, sai yaron ya yi kuka. Na dafa. Muka ci, ni da Malam, ba mai kallon wani. Na ci 'ya'yan gamji da tsutsarsu da kashin jemage, amma ban taɓa haɗiyar abin da ya tsaya mini a wuya irin farar shinkafar nan ba, kuma sai da muka cinye ta tas.

Abin takaicin, gamji ba ya mutuwa nan take. Ya ci gaba da zama kore shar har kaka, mutane suna wucewa suna cewa, “Ka gani ko, Malam, da ma tsoronka ne, ga shi nan garau.” Malam ya yanko ɓawon reshe ya kafa a wurin ya ɗaure da igiya ya shafe da laka, ko zai kama. Ya bushe ya faɗo. Ya sake, ya sake faɗowa. Da rani ya shigo ganye ya zube, muka ce ai da ma yakan zubar. Muka zuba ido ga toho. Bazara ta zo, cediyar gidan liman ta yi sabon ganye, darbejiya ta yi, namu yana tsaye tsirara. Gara ta hau, wasu fararen tsutsotsi masu kauri kamar yatsa suka cika gindin, in ka kusanta kana jin suna ci. Jemagu suka tashi. Matan layi suka daina shigowa, don tsakar gidana ta zama kamar ta kowa. Da wani reshe ya faɗo ya rushe mana danga, maƙwabta suka taru suka ce a sare kafin ya kashe wani. Malam ya ce su sare, ya bar unguwar tun safe bai dawo ba sai magariba. Waɗanda suka feɗe shi su suka yi layi da igiya suna ɗaurin itace, ranar kam kowa bakinsa a buɗe, har da gardamar wa ya fi wani samu. Shugabancin tashar kuwa wani aka ba.

Malam ya koma leburanci, lokacin ana ta gine-gine a Tarauni, yana ɗaukar bulo a ka. Bai taɓa ce wa yayansa komai ba. Duk salla sai ya je Babban Giji ya durƙusa ya gaishe shi, ya dawo ya kwanta ya juya wa ƙofa baya. Haka har ƙarfinsa ya ƙare, har Allah ya karɓi abinsa, shi ma a cikin wata bazarar.

Ina cikin takaba Alhaji Babba ya shigo yi mini gaisuwa. Ya tsufa, ya yi ƙiba, ana riƙe da shi. Aka shimfiɗa masa darduma a ƙofar ɗakina, rana ta take, ba inda za a raɓe. Ya yi addu'a, ya share gumi da gefen babbar riga, ya ɗaga kai ya dubi sama.

“Kai, gidan nan da zafi yake. Wai ba a nan akwai wata babbar bishiya ba da? Me ya same ta ne?”

Shekara da shekaru ban taɓa ce masa abin da ya wuce ina kwana ba. Na ɗaga labule na dube shi a ido.

“Ai a jikinka take, Alhaji. Kai ka yi wanka da ita.”

Na zaci zai fusata, ko ya sunkuyar da kai, ko wanne ya yi da na samu sauƙi. Sai ya tattara goshi yana tunani, da gaske yake tunanin, ya juya ya dubi ɗansa da ya kawo shi, ya sake dubana.

“Wane wanka?” in ji shi.

Ya ɗan jira ko zan ƙara bayani. Sannan ya ce a taimaka masa da ruwa mai sanyi.